Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamna Inuwa Yahaya kan 'yan gudun hijirar da ke zaune a Gombe da waɗanda ake mayarwa gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Mai girma Gwamna Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya, Ɗan Majen Gombe. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali da abokan aikinka, Allah ya ƙara dafa maka.

Ranka ya daɗe ni ɗan jiharka ne, malamin makaranta a nan cikin garin Gombe, ba ni da katin wata jam'iyya kuma ba aiki ko kwangila nake nema ba. Na zaɓi in rubuto a fili ne don maganar ta jama'a ce, kuma kai na nufa da ita saboda kai ne gwamnan jihar da mutanen nan suka fake a cikinta, kai ne shugaban ƙungiyar gwamnonin Arewa tun 2023, sannan kana zama da gwamnonin Borno da Yobe da Adamawa duk lokacin da gwamnonin Arewa maso gabas suka haɗu. Idan ka yi magana a wajen za a saurara. Kuma ranar 29 ga Mayun 2027 wa'adinka zai cika, duk abin da bai zama doka a rubuce ba kafin ranar, to wanda zai gaje ka yana iya cewa shi bai san zancen ba.

Maganar ta 'yan gudun hijira ce, waɗanda ke zaune a unguwanninmu da kuma waɗanda ake kwasowa daga Kamaru da Chadi da Nijar ana mayarwa garuruwansu. Roƙona shi ne kar a ƙara mayar da kowa sai da yardarsa, bayan ya je ya ga wajen da idonsa, wanda kuma ya ce shi kam ya zaɓi Gombe, a ba shi takarda ya zauna kamar kowane ɗan gari.

Ka san yadda suka zo. A 2014 ne, Damboa ta faɗa hannun Boko Haram a watan Yuli, Gwoza a Agusta, Bama a Satumba, Mubi a ƙarshen Oktoba, ga Buni Yadi da sauran ƙasar Gujba ta ɓangaren Yobe. Mutane suka riƙa shigowa ta hanyar Biu da ta Potiskum, a bayan tirela da a-kori-kura, wasu sai da suka yi kwanaki a ƙafa cikin daji kafin su samu mota, mace da goyo da ƙullin zani ɗaya, dattijo ko takalmi babu. Mu ma ai ba mu tsira ba, an tayar da bam a tashar Gombe Line a ƙarshen Oktoban 2014, an shiga Nafada da Ashaka da Bajoga, sannan ga na babbar kasuwa ranar 16 ga Yulin 2015 ana jajiberin ƙaramar sallah mutane suna cefane, kusan mutum 50 suka rasu. Duk da haka Gombawa ba su rufe ƙofa ba. Mai zaure ya ba da zaure, mai kango ya ba da kango, masallatai da coci-coci suka tara hatsi da tufafi, kuma wallahi mafi yawan nauyin nan talaka ne ya ɗauke shi.

Shekara goma da ɗoriya kenan yanzu. Dubun dubata ne a jihar nan, za ka same su a Tumfure da Pantami da Malam Inna da Arawa, za ka same su a Dadin Kowa da Bajoga har Billiri da Kaltungo, kuma ba a sansani suke ba, haya suke kamar kowa. Ta wani gefen wannan alheri ne, sun shiga cikin mutane, an yi auratayya, ana zuwa suna da jana'izar juna. Amma ta ɗaya gefen sun ɓace wa hukuma. Wanda ke sansani ana ƙidaya shi, ana zuwa masa da kyamara da buhun shinkafa ko da jefi-jefi ne. Wanda ke dako a Tudun Hatsi ko tura kurar ruwa, ko matar da ke wankau da surfe a gidajen mutane, ba sa cikin lissafin kowa, jiharsu ta asali tana ganin sun tafi, jihar da suke ciki tana ganin baƙi ne gobe za su tafi.

Ni ba na cikin masu zagin Gwamna Zulum na Borno kan batun mayar da mutane gida. Sansani ba wajen rayuwa ba ne, yaro ya tashi bai taɓa ganin ubansa riƙe da fartanya ba sai dai a layin karɓar abinci, ga cin zarafin da aka yi wa mata a wasu sansanonin wanda har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kai a 2016. Mutumin ya gina gidaje da makarantu, ya shiga garuruwan da wasu shugabanni ba za su yarda su taka ba, an buɗe wa ayarin motocinsa wuta a hanyar Baga a 2020 bai fasa ba. Kuma duk dattijon da ka tambaya cikin mutanen nan gida yake so, yana so in ta Allah ta kasance a binne shi kusa da iyayensa. Duk na yarda da wannan. Amma dole mu duba abin da ya riƙa faruwa bayan an sauke mutane motoci sun juya.

A farkon Agustan 2020 sojoji suka raka mutanen Kukawa gida bayan kusan shekara biyu suna gudun hijira, ba a cika sati uku ba 'yan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, suka afka wa garin, aka ba da rahoton sun yi garkuwa da ɗaruruwa. A Janairun 2025 an kashe manoma aƙalla 40 a Dumba kusa da Baga, bayanin da gwamnati ta yi shi ne sun wuce iyakar da sojoji suka shata musu, to me ya kai su wucewa in ba yunwa ba? A Mayun 2025 aka kai hari barikin soja na Marte, Zulum da bakinsa ya ce mutum kusan dubu 20 sun sake guduwa Dikwa. Sai Darul Jamal a ƙaramar hukumar Bama, daren 5 ga Satumban 2025, sama da mutum 60 aka kashe a garin da ba a daɗe da mayar da mutanensa ba. Bayan wata guda kuma Kirawa, dubbai suka sake tsallakawa Kamaru. Mutanen nan fa sun tsira a karon farko, sun yi shekaru suna haƙuri a tanti, sai da aka ce musu ku koma an samu lafiya sannan aka kashe su. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Akwai wani maƙwabcina, dattijo ne mutumin kudancin Borno, dako yake yi a Tudun Hatsi duk da shekarunsa, alhali a garinsu mai gonaki ne da shanun huɗa. Ya tara kuɗin mota ya je ya dubo gida don yana so ya koma noma. Da ya dawo muka zauna a dakalin ƙofar gida bayan isha'i yana nuna min hotuna a waya. Garin an zagaye shi da rami, ƙofa ɗaya ake shiga ana fita, da safe sai an buɗe za ka fita kuma tun rana ba ta yi sanyi ba dole ka dawo, gonakin da aka yarda a noma su ne na kusa da ramin, su kuwa mutum nawa za su ɗauka? Tasa gonar tana can nesa inda ko 'yan kato da gora ba sa zuwa, kuma an gaya masa wanda ya matsa can ko dai ya taka abin da aka binne ko ya biya mutanen daji haraji kafin su bar shi ya yi girbi, in ya biya kuma labari ya fita a kama shi a ce yana taimaka musu. Gidansa ya tarar an cire kwano da ƙofofi a ɗakuna biyu, ɗakin da ya rage wata mata ce a ciki da 'ya'yanta, ta fito daga wani ƙauye da har yau ba ya shiguwa, mijinta ba a san inda yake ba. Ya ce min malam ta yaya zan ce ta fita, ta je ina? Takardar gidan kuma ta ƙone tun ranar da suka gudu. Matar ta kawo masa ruwa ya sha, ya yi mata sallama ya juyo Gombe.

Shi ya yi sa'a, ya je da kuɗinsa ya gani ya yanke shawara. Na sansani ba shi da wannan damar. Gwamnatin Borno ta ce za ta rufe sansanonin Maiduguri kafin ƙarshen 2021, aka rufe sansanin Bakassi, daga baya Dalori da sauransu, Human Rights Watch ta ce daga Mayun 2021 zuwa Agustan 2022 sama da mutum dubu 140 abin ya shafa, kuɗin sallama tsakanin naira dubu 50 zuwa dubu 100, sannan aka hana ƙungiyoyin agaji raba abinci a garuruwan da aka mayar da mutane don a ce su dogara da kansu. To idan aka rufe inda kake kwana, aka daina ba ka abinci, sannan aka kawo mota aka ce wa ke son tafiya, ai kowa zai ɗaga hannu, a rubuta a takarda cewa da son ransa ya tafi. Ranka ya daɗe ni da kai mun san ba haka yarda take ba.

Na ƙasashen waje ma haka abin yake. Sama da 'yan Najeriya dubu 300 ne ke gudun hijira a Kamaru da Chadi da Nijar, sansanin Minawao na Kamaru kaɗai yana ɗauke da sama da dubu 70, da yawansu mutanen Gwoza da Bama ne, Musulmi da Kirista. Ranar 2 ga Maris ɗin 2017 Najeriya da Kamaru da hukumar UNHCR ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da masu gudun hijira suka sa hannu a yarjejeniya cewa ba za a dawo da kowa ba sai da yardarsa, cikin aminci da mutunci, amma a shekarar nan dai Human Rights Watch ta ce Kamaru ta tiso ƙeyar mutum aƙalla dubu 100 tun daga 2015. A farkon 2019 mutanen Rann suka gudu Goura ta Kamaru bayan an kai musu hari, kafin watan Fabrairu ya ƙare an ce su tattara su koma garin da aka ƙona. Daga baya an riƙa yin abin a tsare, an kwaso wasu daga Minawao zuwa Banki da Bama a 2021, an kwaso dubbai daga Baga Sola ta Chadi a 2025. Sai dai yanzu an shiga wani yanayi na daban. Nijar soja ke mulki tun Yulin 2023, ta fice daga ECOWAS, ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi a Maris ɗin 2025, ga tallafin waje ya ja baya tun da Amurka ta datse nata a farkon 2025, har hukumar abinci ta duniya ta yi gargaɗi a watan Yulin shekarar cewa za ta dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a yankinmu. Kenan matsin lambar a tafi gida zai ƙaru ta ko'ina saboda masu masauki sun gaji kuma abinci ya ƙare, ko daji ya yi lafiya ko bai yi ba.

Ka duba Siriya. Shugabanta Assad ya gudu ranar 8 ga Disamban 2024, washegari Jamus da Austiriya da Ingila suka dakatar da duba takardun 'yan Siriya masu neman mafaka, tun ba a san yadda sabuwar gwamnatin za ta kasance ba. Duk lokacin da mulki ke canza hannu akwai masu gaggawar cewa ai an gama, kowa ya kama hanya. Amma Turkiyya ta yi wani abu da ya kamata mu ara, ta ba mutum ɗaya daga kowane gida damar ya shiga Siriya har sau uku cikin wata shida ya dubo, ya dawo ba tare da ya rasa takardarsa ta zama ba. Gani ya kori ji. Wannan nake so ka kai gaban 'yan uwanka gwamnoni. Kafin a rufe wani sansani ko a lodo mutane daga Minawao ko Baga Sola ko Diffa ta Nijar, a ɗauki wakilan da mutanen suka zaɓa da kansu, har da mata, ba waɗanda ciyaman ko kansila ya nuna ba, su je su kwana a garin, su ga ko rijiya na da ruwa, ko asibitin akwai ma'aikaci a ciki ko fenti ne kawai, su taka iya inda ake noma, a gaya musu gaskiya ko sojojin da ke wajen masu zama ne ko 'yan rakiya. Wanda kuma ya tafi abin bai yiwu ba ya dawo, kar a ce an goge sunansa.

Ba wani sabon abu na ƙirƙiro ba. Yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka ta 2009, wadda Najeriya ta amince da ita a 2012, hanya uku ta ba wanda aka raba da gidansa: ya koma, ko ya zauna inda ya samu mafaka, ko a tsugunar da shi wani wajen, kuma shi ne mai zaɓi. Sashe na 41 na tsarin mulkinmu ya ce ɗan Najeriya yana da ikon zama duk inda ya so a ƙasar nan, na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa. Amma kullum hanyar farko kaɗai ake magana a kai, don ita ce ake iya ɗauka a hoto, ga jerin motoci ga jawabi. Ta biyun ba wanda ke ambatonta, kuma ita ce take hannunka, ba sai ka jira Abuja ba.

Ina da ɗalibi da ya zo garin nan yana ɗan shekara bakwai a hannun kakarsa. A nan ya yi firamare, a nan ya yi sakandare, Hausarsa ta Gombe ce, har Fulatanci yana ji, yarensu kuwa sai kame-kame. A lissafi babu na biyunsa a ajin. Da aka zo cike fom na gaba da sakandare da neman tallafin karatu sai aka ce ya kawo takardar indijin. Ya je wani ofis, aka tambaye shi garin ubansa ya faɗa, aka turo masa takardunsa aka ce ya je can. Can ɗin kuwa uban an kashe shi, mai unguwar da zai shaide shi ya rasu a gudun hijira, yaron ko hanyar garin bai sani ba, kakar kuma ta rantse in dai tana numfashi ba zai bi hanyar nan ba, shi kaɗai ya rage mata. Yanzu keken wani yake tuƙawa yana kai balas da yamma, in muka haɗu a hanya sai ya tsaya ya ce malam hau in kai ka, ya ƙi karɓar kuɗi, ni kuma kunyarsa nake ji. Ban ga laifin ma'aikacin ba, ƙa'idar da ya tarar ita ya bi. Ƙa'idar ce ke buƙatar gyara, kuma da sauri, don yaran da aka haifa a nan a 2015 sun isa shiga ƙaramar sakandare, ba su taɓa ganin Borno ko Yobe ba, nan da 'yan shekaru dubbai ne za su tsaya a bakin wannan tebur ɗin a ce musu su je can. Matashi mai ilimi da aka nuna masa ba shi da jiha, kowa ya san irin masu jiran su yi masa huɗuba.

Sannan ga abin da ya fi ci wa mutanen nan rai. A Malam Sidi cikin ƙaramar hukumar Kwami, nan kusa da mu, sansanin shirin Operation Safe Corridor yake, wanda aka fara a 2016, inda ake karɓar tubabbun 'yan Boko Haram a yi musu wa'azi da nasiha, a duba lafiyarsu, a koya musu ɗinki da walda da aski da kafinta da haɗa takalma, a rantsar da su a yaye su, a Yulin 2020 kaɗai an yaye 601. Na san shirin na tarayya ne ba naka ba, kuma ban ce a rufe shi ba, irin wannan yaƙin bindiga kaɗai ba ta gama shi, da yawa cikinsu ma suna yara aka sace su aka tilasta musu. Amma ka tuna da matar da aka kashe mijinta a gabanta, tana surfe a Gombe, ta ji a rediyo an yaye ɗaruruwa an ba su kayan sana'a, ita kuwa ko keken ɗinki ba wanda ya taɓa ba ta. In ta koma garinsu kuma mai yiwuwa ta haɗu da wanda ta gane fuskarsa a layin famfo, ba wanda ya tambaye ta ko ta shirya, ba wanda ya nemi gafararta. Sulhun da aka ƙulla ba da ita ba ba zai zauna ba. Tunda a ƙasarka sansanin yake kana da bakin magana, ka nemi duk abin da aka kashe kan tubabbe ɗaya a kashe irinsa ko fiye kan waɗanda aka zalunta, kuma kafin a kai tubabbe wani gari a zauna da mutanen garin, masu takaba da marayu a sahun gaba.

Akwai kuma matan da suka kuɓuto daga daji da goyo. Wasunsu sun samu rufin asiri a Gombe ne kawai don ba wanda ya san labarinsu a nan, yaran suna zuwa islamiyya da boko kamar kowa. A garinsu kowa ya san waye uban yaron, za a riƙa nuna shi da baki, a hana yara wasa da shi. Irin wannan baiwar Allah idan aka ce dole ta koma an tona mata asiri kenan ita da ɗanta, kuma ba za ta taɓa tsayawa gaban kwamiti ta faɗi dalilinta ba. Shi ya sa in mutum ya ce ba zai koma ba, kar a ce sai ya kawo hujja.

Zaɓen 2027 na tafe, kuma shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Kowace gwamnati za ta so ta ce ta rufe sansani kaza ta mayar da mutum kaza, kuma kowane ɗan takara a Borno da Yobe ya san ƙuri'un mazaɓarsa suna warwatse a Gombe da Bauchi da Yola da Abuja, zai so su dawo kafin ranar. Don Allah kar jadawalin INEC ya zama shi ke yanke ranar komawa gida. Hukumar zaɓe ta yarda mutum ya mayar da katinsa inda yake zaune, a wayar musu da kai kan haka a rediyo da masallatai da coci, wanda ke son ya yi zaɓe a Gombe ya yi a Gombe. Mutumin da ke da ƙuri'a a unguwa, kansila ma yana sanin ƙofar gidansa.

Abin da ke hannunka kai tsaye bai fi ƙarfin jiha ba. A bi su gida-gida ta hannun masu unguwanni da dagatai da limamai da fastoci tare da hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, a tambayi kowane gida me suke so, mace a tambaye ta daban namiji daban don sau da yawa ra'ayinsu ba ɗaya ba ne, maigida na tunanin gona uwargida na tunanin makarantar yara da abin da ta gani. Kar a haɗa ƙidayar da alƙawarin rabon kaya, in aka yi haka lissafin zai lalace tun ranar farko. Daga nan ka aika wa majalisar dokokin jiha ƙudurin doka, wanda ya shekara goma yana zaune a nan ko aka haife shi a nan ya samu takardar shaidar zama wadda makarantun jiha da masu ba da tallafin karatu za su karɓa. Marayu da zawarawa da tsofaffinsu a saka su a GoHealth, shirin inshorar lafiya na jiha. Wanda ya sayi ɗan fili da guminsa hukumar filaye ta jiha, GOGIS, ta ba shi takarda cikin sauƙi. Masu noman haya a wajen Dadin Kowa da Kwami da Akko a riƙa rubuta musu yarjejeniya gaban dagaci, don yana faruwa mutum ya share gona ya zuba taki ya gyara ta, shekara na zagayowa mai ita ya ce yana buƙatar abarsa.

Na san abin da wasu 'yan uwana Gombawa za su ce, mu ma ba mu ƙoshi ba, 'ya'yanmu ba aiki, gurbin karatu bai ishe mu ba, fili da haya sun yi tsada. Gaskiya ne, kuma akwai masu tsoron abin ya taɓa sarauta da rabon muƙamai, shi ya sa na ce takardar zama, ban ce ta gadon sarauta ba. Kuɗin kuwa akwai inda za a nema. Hukumar raya Arewa maso gabas, NEDC, da aka kafa da doka a 2017, ta jihohi shida ce har da Gombe, kana da haƙƙin ka je da lissafi a hannu ka ce ga unguwannin da suka ɗauki baƙi, a ƙara musu ajujuwa da rijiyoyin burtsatse da ɗakin shan magani, ɗan gari da baƙo su amfana tare. Talakan da ya ba da zaurensa a 2014 har yau ba wanda ya ce masa sannu, shi ma ya cancanci ya ga wani abu a ƙofar gidansa.

Ina roƙonka ka saka maganar zuwa dubo gari kafin komawa a zaman gwamnonin Arewa maso gabas na gaba, kuma ka aika ƙudurin takardar zama majalisa tun hayaniyar kamfen ba ta rufe komai ba. In ofishinka na son jin ta bakin mutanen da kansu, masu unguwanni sun san gidajensu ɗaya bayan ɗaya, a kira su ba tare da 'yan jarida ba za su yi magana.

Allah ya yi maka jagora, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba yankinmu lafiya mai ɗorewa.

Wassalam.

Naka,
Malamin makaranta daga cikin garin Gombe